Rumbu Ɗaya, Hatsin Gari Duka

Duk wanda ya je sayen kwamfuta a ƙasar nan, ko ta cinya ce ko ta tebur, tambayarsa ta farko ga mai shago ita ce: "Had dis ɗinta nawa ne?" Idan aka ce masa gigabait 500 sai ya yamutsa fuska, idan aka ce terabait 1 sai ka ga ya gyara tsayuwa ya shiga ciniki. Da wuya ka ji wanda ya tambayi shekarun wannan ma'adana, ko awa nawa ta yi tana aiki a hannun wani kafin ta iso Sakkwato, balle a kai ga tambayar da ta fi kowace nauyi, wato ina abin da zai zuba a cikinta zai koma ranar da ta daina motsi. Girma muke saye, kuma girman ya samu fiye da yadda magabata suka taɓa mafarki. Abin da nake son mu duba a wannan mako shi ne yadda aka yi girman ya samu, da kuma bashin da ya ɗora mana wanda har yanzu ba mu fara biya ba.

A watan Satumba na 1956 kamfanin IBM ya fito da ma'adanar farko ta wannan nau'i, a cikin wata kwamfuta mai suna RAMAC da aka ƙera a San Jose ta Amurka ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson. Faya-fayai 50 ne a jere, kowane faɗinsa inci 24, nauyin akwatin ya kusa tan guda, kuma duk abin da take iya riƙewa haruffa miliyan 5 ne. Hoto guda da mai karatu zai ɗauka da wayarsa a wurin ɗaurin aure ya isa ya cika ta. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da ta farko da za ta shiga cikin ƙaramar kwamfuta, mai megabait 5, a kan dala 1,500. A Janairun 2024 kuwa wannan kamfani ya sanar da mai terabait 30, wadda girmanta bai wuce ƙaramin littafi ba. Masana suna auna wannan ci gaba da yawan ɗigon bayani da ke shiga murabba'in inci guda na faifai. A RAMAC ɗigo 2,000 ne. Yau ya haura tiriliyan 1, wato an ninka shi fiye da sau miliyan 500. Ban san wata sana'ar hannu ta ɗan Adam da ta yi irin wannan tsalle cikin rayuwar mutum ɗaya ba, kuma ya kamata a yaba kafin a soki.

Wanda ya san garmaho ya riga ya san rabin labarin. A cikin had dis akwai faifai mai sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, sai wani hannu siriri mai ɗauke da allura yana kai da komo a samansa. Allurar tana juya fuskar ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu zuwa wannan gefe ko wancan, shi ne rubutu. Tana kuma jin inda suka fuskanta, shi ne karatu. Bambancinta da ta garmaho shi ne ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 70,000. Mai karatu ya riƙe wannan tazara a zuciyarsa, domin za mu dawo gare ta.

Duk tarihin ci gaban nan tarihin ƙanƙanta ɗigo ne, kuma kowane ƙanƙantawa yana zuwa da matsalarsa. Da ɗigon ya yi ƙanƙanta sai muryarsa ta yi rauni, allura ta kasa jin sa. Maganin wannan ya fito ne daga ɗakin binciken kimiyya, ba daga masana'anta ba. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa idan aka jera wasu ƙarafa a shimfiɗu masu matuƙar siranta, ɗan canjin maganaɗisu kaɗan yana haifar da babban canji a yadda lantarki ke ratsa su. Shekara 9 bayan haka, a 1997, IBM ya saka wannan a allurar karatu, kuma a 2007 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. Ina yawan tuna wannan idan na ji masu rabon kuɗin bincike suna tambayar malamin kimiyyar lissafi ko ta fiziya abin da aikinsa zai sayar a kasuwa baɗi.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko taurin kai. Idan ƙwayar maganaɗisu ta yi ƙanƙanta ainun, zafin ɗaki kaɗai yana iya juya fuskarta, rubutu ya goge kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wani malamin Jami'ar Tohoku ta Japan, Shun-ichi Iwasaki, ya ba da shawara tun a shekarun 1970 cewa a daina kwantar da ƙwayoyin, a tsayar da su. Hikimar a fili take: ɗakin da mutum goma suka cika shi a kwance zai ɗauki hamsin idan suka miƙe tsaye. Amma sai da aka shafe kusan shekara 30 kafin Toshiba ya kawo ta kasuwa a 2005, Seagate ya biyo baya a 2006 da ta kwamfutar cinya mai gigabait 160, Hitachi kuma ya fitar da terabait 1 na farko a 2007. Daga nan aka shiga dabaru. A 2013 aka fara cire iska daga cikin akwatin ana ɗura hiliyam, wadda nauyinta kashi 1 cikin 7 ne na iska, don a samu damar ƙara yawan faya-fayai. Aka kuma fara ɗora layukan rubutu a kan gefen juna kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi. Wannan ta ƙarshe tana da aibi, domin wanda zai canja kwano ɗaya dole ya ɗaga na kusa da shi, shi ya sa irin waɗannan ma'adanai ke yin nauyin jiki idan ana yawan rubutu a kansu. A 2020 masu saye sun yi ca a kan Western Digital saboda ya sayar musu da irinsu ba tare da ya bayyana ba.

Dabarar baya-bayan nan kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a Maƙera Assada ya ga irinta. An koma amfani da gaurayen ƙarfe da filatinam, wanda zafin ɗaki ba ya iya juya ƙwayoyinsa, amma saboda taurinsa allura ma ba ta iya rubutu a kansa. Sai aka ɗora wa allurar ɗan ƙaramin hasken leza da ke gasa wurin da za a yi rubutu har ya wuce digiri 400 na ma'aunin Salshiyas, a rubuta, ya huce, duka cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba da nisa. Maƙeri ya san ƙarfe ba ya lanƙwasuwa sai ya sha wuta, kuma idan ya huce ya riƙe siffarsa ke nan. Da wannan aka kai terabait 3 a faifai guda, faya-fayai 10 a akwati.

To, amma wa ake ƙera wa waɗannan? Ba ni ba, ba kuma ɗalibina ba. Manyan rumbunan bayanai na kamfanoni irin su Google da Amazon da Microsoft ne ke kwashe su. Siririyar had dis da ke shiga kwamfutar cinya ta tsaya a terabait 2 shekaru da dama, sababbin kwamfutocin cinya kuma sun koma SSD, wadda ba ta da faifai ko allura, caji take tsarewa a cikin ƙananan ɗakuna na lantarki. Masu ƙera had dis, waɗanda a da suka yi yawa, yanzu saura uku a duniya: Seagate da Western Digital da Toshiba. Da ambaliya ta shafe masana'antu a Tailan a 2011, farashi ya yi tashin gwauron zabo a ko'ina, har da nan.

Abin da ke isowa gare mu, galibi, shi ne abin da wasu suka gama da shi. Kwamfutocin hannu da ake saukewa a Ikko, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Kano da Sakkwato, da yawansu sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka. An goge jikinsu, an sa musu sabuwar manhaja, amma faifan da ke ciki ya riga ya yi juyin da ya yi. Ita had dis tana riƙe da lissafin awannin da ta yi a kunne, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin su CrystalDiskInfo, da ke nuna wannan cikin minti guda. Shekara guda cur awa 8,760 ce, don haka wanda ya ga 30,000 ya san tsohuwa ya aura. Ko wannan ma ba hujja ce yankakkiya ba, domin a farkon 2025 an bankaɗo a Jamus cewa wasu dillalai suna mayar da lissafin baya su sayar da tsofaffi a matsayin sababbi. Wani abu kuma da ke jawo rigima a shaguna ba gaira ba dalili: mutum ya sayi terabait 1, ya kunna ya ga gigabait 931, ya dawo yana cewa an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Masu ƙerawa da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024, kamar mudun kasuwa biyu ne da hatsi ɗaya.

Yanzu mu zo ga bashin. Manomi ya san dalilin da ya sa ba ya gina rumbu ɗaya tak ya zuba gero da dawa da wake da irin shuka na baɗi duka a ciki. Amma abin da muke yi ke nan da ilminmu da tarihinmu, kuma girman ma'adanar ne ya ruɗe mu. A zamanin da muke ɗalibai, kundin digiri yana warwatse ne a ƙananan faya-fayai masu megabait 1.44, idan ɗaya ya lalace babi ɗaya ya tafi. Yau malami yana da aikin shekara 15 a cikin abu guda da ke aljihun jakarsa: kundinsa, da maƙalunsa, da sakamakon ɗalibai, da hirarrakin da ya naɗa da tsofaffin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yiwuwar lalacewa ba ta ragu yadda girman ya ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan abin da zai salwanta a faɗuwa ɗaya.

A Sama Road, inda nake zaune, gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan siyasa suna da yawa, kuma a nan gidan marigayi Alhaji Shehu Shagari yake, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Irin waɗannan gidaje na unguwar cike suke da abin da masanin tarihi zai yi tafiyar kwana don ya gani: wasiƙu, da hotunan zamanin En'e da na Jihar Arewa maso Yamma, da littattafan ajiyar rana, da kaset-kaset. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya kira ni wata rana bayan la'asar, ya miƙo mini wata 'yar baƙar ma'adana ta waje, ya ce: "Dakta, duba mini wannan abin. Jikana ya ce duk hotunanmu suna ciki, amma yanzu sai ƙara take yi." Na jona ta, na kara kunne, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarar allurar da ta kasa samun hanyarta. Na ce: "Baba, ta taɓa faɗuwa?" Ya ce sau ɗaya, daga kan tebur, tana jone. Na tambaye shi ina hotunan na asali. Ya yi shiru, sannan ya ce da aka yi gyaran gida an ga akwatunan sun tare wuri, gara kuma ta fara shiga, tunda an ce komai ya shiga kwamfuta sai aka ƙone su.

Kafin ta zo hannuna an riga an kai ta wurin wani mai gyara, wanda ya kwance ta a kan teburinsa don ya ga abin da ke ƙara. Ga inda tazarar nan ta nanomita 10 ta dawo. Ƙwayar ƙurar hunturu guda, wadda ido ba ya gani, dutse ce a gaban allurar da ke shawagi a kan faifai mai juyawa sau 90 a daƙiƙa. Masu ceto bayanai na gaskiya a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗe ta, kuma kuɗin aikinsu ya ninka kuɗin ma'adanar sau da yawa. Mai gyaran bai yi da mugunta ba, abin da ya saba yi wa rediyo da fanka ya yi mata. Hotunan aikin Hajjin dattijon, da na ranar da aka rantsar da shi, da hoto ɗaya tilo na mahaifiyarsa, sun tafi. Ban ga ya yi fushi ba. Cewa kawai ya yi: "Ashe gara ta fi wannan abin amana, ita ko ta ci tana barin saura."

Wani zai ce ai wannan tsautsayi ne. Binciken da Google ya wallafa a 2007, bayan nazarin had dis fiye da 100,000 a rumbunansa, ya nuna cewa fiye da kashi 1 cikin 3 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar ciwo ba kafin mutuwarsu. Wannan a ɗakuna masu sanyi ke nan, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a nan ana ɗauke wuta tana tsakar rubutu, a dawo da ita da ƙarfin da ke ƙona na'ura, a tayar da janareta, kwamfuta ta hau babur ta bi ramukan hanya, ta kuma kwana a mota a watan Afrilu lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Wanda ya koma SSD ya tsira daga matsalar faɗuwa, gaskiya ne, amma kada ya saki jiki. Cajin da take tsarewa yana yoyo a hankali idan an ajiye ta ba wuta. Ƙa'idar masana'antar ta tanadi cewa wadda ta tsufa da aiki ta iya riƙe bayani shekara guda a ajiye a zafin digiri 30, kuma wa'adin yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Ba abin sakawa a akwati a mance ba ce, musamman a garinmu.

Asarar gida ɗaya tana da ciwo, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na al'umma. Sakkwato gari ne na takarda. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce. Ɗakin karatun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ne ginshiƙin littafin da Murray Last ya wallafa a 1967 kan Daular Usmaniyya, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha sunansa take ɗauke da shi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da nata tarin, haka Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ban da abin da ke cikin gafakokin gidajen malamai. A 'yan shekarun nan kowa ya yarda cewa mafita ita ce a ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta, kuma ni ma ina cikin masu wannan kira. Idan muka ƙaddara kowane shafi ya ci megabait 50, terabait 1 zai ɗauki shafi 20,000, mai terabait 30 kuwa shafi 600,000. Ma'ana, gadon ƙarni biyu zai iya shiga abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, ya kuma saki da hannu ɗaya.

Ingila ta riga mu ɗanɗana wannan. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar ƙasar daga mutane fiye da miliyan guda, yawancinsu 'yan makaranta, ta zuba a faya-fayan leza na zamanin, don cikar shekara 900 na wani kundin ƙidaya da aka rubuta a kan fata a 1086. Kafin 2002 na'urorin karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto, alhali kundin fatar yana nan ana karanta shi. Na baya-bayan nan ya fi muni. A ranar 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ta cinye wata ma'adanar ma'aikata mai terabait 858. Da aka tambayi dalilin rashin kwafi, amsar da aka bayar ita ce girmanta ya yi yawa. Wannan ƙasar Samsung ce fa. Idan girma ya hana su yin kwafi, mu da ke jiran kasafin kuɗi ya fito a wata na tara me zai hana mu?

Sau da yawa nakan ji ana cewa takarda ta fi, a kafa hujja da cewa littattafan Shehu sun yi shekara 200. Lallai takardar da aka yi amfani da ita mai kyau ce, irin ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke kawowa ta hamada, tawadar ma ta riƙe. Amma a ganina an ba takarda yabon da ba nata ba ne ita kaɗai. Gara tana cin ta, ruwa yana narkar da ita, wuta kuma ba ta tambayar sunan mawallafi. A Janairun 2013 an ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmed Baba ta Tambutu. Abin da ya raya Ihya'us Sunna da Infaƙul Maisuri shi ne kwafi. Ɗalibi zai zauna gaban malaminsa ya kwafe littafi da hannunsa, a yi muƙabala, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da ido har a tabbatar ba a tsallake kalma ba, sannan ya ɗauki nasa ya tafi Gwandu ko Kano ko Zazzau ko Yola, can ma wani ya kwafa daga gare shi. Idan na Sakkwato ya ƙone, na Yola yana nan. Idan takarda ta tsufa, an riga an sabunta ta. Wannan tsari shi ne ainihin abin da masana ajiyar bayanai ke koyarwa a yau da sunan sabon ilmi: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa, a riƙa gwada su da juna lokaci-lokaci, a kuma sauya ma'adanar kafin ta mutu. Har muƙabalar ma kwamfuta tana yi, da wata lambar tantancewa da ke canjawa idan ɗigo ɗaya ya sauya. Mun gaji wannan al'ada, sai muka yar da ita daidai lokacin da kwafin littafi dubu ya koma aikin minti goma.

Batun nisa kuwa ba sai an je Koriya ba. Mutanen garin nan ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin, ba su kuma manta da gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 ba. Kwafi biyu a durowa ɗaya, ko a gini ɗaya, kwafi ɗaya ne a wurin wuta da ruwa. Ga mutum ɗaya abin ba shi da wuya: ma'adana ta biyu a gidan ɗan'uwa a wata unguwa, muhimman takardu kuma a aika su ma'ajiyar intanet, tunda Google yana ba kowa gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi kundin digiri da abin da ya fi shi. Kuma don Allah kada a ƙone na asali.

Ga hukumomi ne abin ke da wuya, kuma wuyar ba ta fasaha ba ce. Tsarin kashe kuɗinmu ya san saye, bai san riƙo ba. Ana iya samun miliyoyi a sayi na'urar ɗaukar hoto da manyan kwamfutoci, a yanka kyalle, a ɗauki hoto da baƙi, amma babu layi a kasafi da ya ce bayan shekara 5 za a sayi sababbin ma'adanai a kwashe abin da ke cikin tsofaffi, babu kuma ma'aikaci guda da aka rubuta wa cewa aikinsa ne ya duba lafiyarsu duk wata uku. Na taɓa shiga wani ofis inda aka nuna mini aikin shekara biyu na ɗaukar hoton tsofaffin takardu, yana cikin had dis guda a durowar wani jami'i, shi kuma an yi masa canjin wurin aiki, mabuɗin yana aljihunsa. Abin da nake roƙon majalisun gudanarwa na jami'o'inmu da ma'aikatun da ke kula da tarihi shi ne kada a sake amincewa da wani aiki irin wannan sai an ga, a rubuce, inda kwafi na biyu da na uku za su zauna, da wanda zai biya kuɗin sabunta su. Cibiyoyin Sakkwato da Kano da Zariya da Kaduna suna iya yin yarjejeniya kowace ta riƙe wa 'yar'uwarta kwafi, kuma ma'adanar da za ta ɗauki wannan ba ta kai kuɗin tayoyin motar shugaba ba.

Akwai kuma abin da ba zai jira a gama muhawara ba. Kaset da tef ma maganaɗisu ne, kuma sun fi had dis tsufa. A cikinsu muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo suke, da tafsiran malaman da suka shuɗe, da shirye-shiryen gidajen rediyonmu tun daga Kaduna har Rima. A 2019 UNESCO ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kunna irin waɗannan tef-tef, da kayan gyaransu, za su ƙare wajen 2025. Takardar Shehu za ta iya ƙara shekara 20 a gafaka idan an kare ta daga gara da danshi. Tef ɗin da aka naɗa a 1975 ba shi da wannan wa'adi, kuma masu iya gyaran injinsa a Sakkwato yanzu ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Da shi ya kamata a fara.